Daga Kumfar Lemo zuwa Tafkin Nyos

A ganina, duk ɗalibin da ya gama sakandare bai san abin da ke sa lemon kwalba kumfa ba, an cuce shi, ko da ya haddace littafin kimiyya daga bango zuwa bango.

Ga yadda abin yake. A masana'anta ana ɗura wa lemo iskar kabon da ƙarfin tsiya har ta narke cikin ruwan. Da an cire marfi, matsin ya ragu, sai ta nemi mafita. Amma fitar ba ta zuwa cikin sauƙi, domin ruwa yana matse kumfa, kuma iya ƙanƙantarta iya matsin da take sha. Yawanci tun ba ta girma ba take mutuwa. Sai ta samu maɓoya, kamar ɗan ƙarzanen jikin kofi, ko silin zare, ko ƙwayar ƙura, inda 'yar iska ta maƙale, sannan take kumbura ta taso. Shi ya sa kake ganin kumfa na hawa a jere daga wuri guda, shi ya sa kuma in ka zuba sukari lemon ke yin ambaliya.

Wani zai ce ai wannan wasan yara ne. To, ya tambayi mutanen arewa maso yammacin Kamaru. Tafkin Nyos da ke can yana cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, zurfinsa ya kai kusan mita 200. Shekara da shekaru iskar kabon na tsattsafowa daga ƙasa, nauyin ruwan da ke sama ya danne ta. A daren 21 ga Agustan 1986 ruwan ƙasan tafkin ya motsa ya yi sama, matsi ya ragu, kumfa ta ɓarke, ita kuma ta ƙara jawo wani ruwan. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta gangara kwaruruka. Mutum sama da 1,700 suka rasu, har da Fulani makiyaya, ga dabbobi dubbai. Allah Ya jiƙansu.

Maganin ma daga kumfar aka samo shi. A 2001 aka kafa bututu har ƙasan tafkin; da zarar an fara jan ruwan, kumfa ce ke tura shi sama da kanta, iskar na fita kaɗan-kaɗan.

Saura Tafkin Kibu, tsakanin Ruwanda da Kwango, wanda ya ninka Nyos girma nesa ba kusa ba, shi ma maƙare da iska, ga kimanin mutum miliyan 2 a kewayensa. Gwamnatocin nan biyu ba su da uzurin cewa ba su sani ba.