Rigar maigadi a kan kujera

Akwai wani gargaɗi da masu kula da kwamfutocin ofisoshi ke yi wa riƙon sakainar kashi, wato saƙon da ke cewa direban manhajar tsaro ya daina aiki ko ba a girka shi ba. Direba a nan ba mai tuƙi ba ne. Ɗan guntun shiri ne da ke zaune a can cikin zuciyar Windows ko Linux, yana leƙa kowane fayil a lokacin da ake buɗe shi. Idan ya faɗi, tambarin manhajar yana nan a ƙasan allo kamar kullum, amma rigar maigadi ce kawai a kan kujera, mai rigar ba ya nan.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Wani lokaci an girka manhajar ba a sake kunna kwamfutar ba, wani lokaci ragowar tsohuwar manhajar tsaro ce ke kokawa da sabuwar, ko kuma an sabunta kanel, wato zuciyar Linux, alhali direban bai san shi ba tukuna. Wanda ya fi jawo ɓarna shi ne idan Secure Boot, tsarin da ke hana shirin da ba a amince da shi ba tashi, ya ƙi direban saboda ba a yi rajistar makullin kamfanin manhajar ba. Mai gaggawa sai ya kashe Secure Boot ɗin, gargaɗi ya ɓace, ya ce ya gyara. Bai gyara komai ba, ya cire kwaɗon gida ne don maigadi ya samu shiga. Abin yi shi ne a shigar da makullin, ko da zai ci rabin awa.

Wani zai ce ai direban kansa haɗari ne, kuma yana da hujja. Ranar 19 ga Yulin 2024, sabuntawa guda ɗaya ta manhajar tsaron CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, ma'aikata suka riƙa bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil da hannu. Sai dai abin da ya jawo wannan shi ne tura sabuntawa ga kowa a lokaci guda ba tare da an gwada ta a kan kaɗan ba. Wannan hujja ce ta a riƙa sabuntawa daki-daki, ba ta a bar kwamfuta tsirara ba. Duk shugaban ofis ya tambayi ma'aikatansa yau: kwamfutoci nawa ne ke nuna wannan gargaɗin, kuma tun yaushe?