Ƙarfe Ɗaya Ba Ya Amo

Na san a cikin malamanmu akwai waɗanda za su ja tsaki da zarar sun ga zancen wasan Pokémon a mujallar Ƙungiyar Hausa, su ce ashe an rasa abin rubutawa. To, Allah ya huci zuciyarsu. Ni dai a ganina, harshen da ba za a iya gardama da shi a kan abin da samarinsa ke kwana suna yi ba, ya kama hanyar gidan tarihi. Saboda haka da Hausa zan yi tawa gardamar, kuma da 'yan'uwana ɗalibai nake.

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin Game Freak na ƙasar Japan ne ya ƙago shi, Nintendo ya fitar da shi a 1996. Kowane ɗan wasa yakan haɗa rundunar dodanni shida, kowane dodo da dabaru huɗu kacal, sa'an nan ya kara da rundunar abokin gaba. Dodannin sun kasu jinsi 18, wani na rinjayar wani kamar yadda ruwa ke kashe wuta, kuma dodo ɗaya yana iya haɗa jinsi biyu. Jinsin Ƙarfe ya shigo a 1999, cikin Gold da Silver, kuma babu wanda ya kai shi juriya. Bugun jinsi 10 rabin lahani yake yi masa, Dafi kuwa ba ya kama shi ko kaɗan. Abu uku ne maganinsa, wato Wuta da Ƙasa da Dambe.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata cuta da ta kama 'yan wasa a ɗakunan kwananmu, wadda na raɗa wa suna bautar lamba. Sai ka ga mutum ya buɗe jadawali, ya ga lambar tsaron Aggron 180 ce, ta Skarmory 140, ta Corviknight 105, sai ya buga ƙirji ya ce magana ta ƙare, Aggron ne sarkin ƙarafa. Haba malam! Da girman lamba ke cin yaƙi, ai da ba a buga wasan ba, sai kowa ya kawo jadawalinsa a raba gardama.

Mu duba wannan sarki nasu. Aggron Ƙarfe ne haɗe da Dutse, kuma su biyun duk suna tsoron Ƙasa da Dambe, don haka lahanin bugun ninki huɗu yake zo masa. Ga shi kuwa da wuya ka ga rundunar da ba ta da mai girgizar ƙasa. Ko da baiwarsa ta sa ya tsira daga bugun farko da ɗan numfashi, na biyu ya gama da shi, domin ba shi da wata hanyar kirki ta mayar da ƙarfinsa. Skarmory fa, mai ƙaramar lambar? Tsuntsu ne, girgizar ƙasa ba ta taɓa shi. In ya jigata sai ya sauka ya huta, rabin ƙarfinsa ya dawo. Yakan shuka ƙaya a filin abokin gaba, sa'an nan ya tayar da guguwa ta kore wanda ke gabansa, wani ya fito dole ya taka ƙayar. To, tsakani da Allah, wa ya fi tsare gida?

Amma kada wani ya ce na tuɓe Aggron don in naɗa Skarmory. Tambayar "wane ne ya fi" ita kanta ce kuskuren. Tambayar mai hankali ita ce, wace kafa ce ta rage a rundunata, kuma wane ƙarfe ne zai toshe ta? Corviknight, wanda ya zo a 2019, jinsinsa ɗaya da Skarmory, amma aikinsu ya sha bamban. Wancan shuka ƙaya yake yi, wannan kuwa share ta yake yi, sa'an nan ya kai bugu ya koma baya, ya ba ɗan'uwansa fili. Sharar tasa kuwa ba ta barin ƙayar kowane ɓangare. Wanda ya haɗa su biyun ba tare da tunani ba ya ɗauki mai shuka da mai tonewa aiki a gona guda, ga shi kuma duk biyun suna tsoron Wuta da Lantarki, Magnezone kuwa maganaɗisunsa na hana su gudu.

Ga yadda amon yake fita. Scizor ba ya tsoron komai sai Wuta, ita kuwa ninki huɗu take cinsa. Heatran kuma baiwarsa ita ce haɗiye wuta, ta ƙara masa ƙarfi, amma Ƙasa ninki huɗu take cinsa. To, in an hura wa Scizor wuta sai Heatran ya tare, in an girgiza wa Heatran ƙasa sai tsuntsun ya tare. Kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Na san za a ce mini, ina ka bar Kingambit da Gholdengo na Scarlet da Violet, waɗanda suka fito a 2022 suka addabi kowa? Madalla, ai shaiduna ne. Kingambit ƙarfin bugunsa yana ƙaruwa da kashi 10 cikin 100 a kan kowane ɗan rundunarsa da ya faɗi, har zuwa kashi 50. Ashe ke nan ƙarfin nasa gadon 'yan'uwa ne, kuma wanda ya fito da shi tun da farar safiya a gaban ɗan Dambe ya yi asarar gadon. Gholdengo kuwa, dodo na 1000 a jerin, babban aikinsa gadin ƙaya ne, don yana hana a share ta. In babu mai shukawa a rundunar, rabin amfaninsa ya tafi.

Ban ce lamba banza ce ba, amma ku tuna dokar wasan ma canzawa take yi. A 2013, cikin X da Y, aka cire wa Ƙarfe juriyar Fatalwa da Duhu. Metagross, mai jimillar lambobi 600, ya kwana lafiya ya tashi da sababbin abokan gaba biyu, alhali ko ɗigo ba a rage masa a jadawali ba. Wanda ya haddace lambar bai ga komai ba, wanda ya fahimci dalili shi ya gyara rundunarsa.

Wannan fa shi ne abin da ke damuna, don halin nan bai tsaya a wasa ba. Shi ne muke kaiwa aji, mu haddace abin da ke takarda, in malam ya juya tambayar sai ido ya raina fata. Wanda bai yarda da ni ba, ga fili ga mai doki. Ya kawo Aggron ɗinsa dandalin Pokémon Showdown bayan lacca, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haza wasalam.