Keken Dutse Haɗin Gida

 Zancenmu na wannan mako na keke ne, amma ba irin wanda maigida yake hawa zuwa kasuwa ba. Akwai wani iri da ake kira keken dutse, mai kaurin taya da giya da yawa, an yi shi ne domin bin 'yar turba cikin daji, da hawan tudu da gangara. Wasu masu hawansa ba su saye a haɗe, sai su sayi kayansa ɗai-ɗai su haɗa da hannunsu.

Asalin abin a Amurka ne, a wani yanki na jihar Kalifoniya da ake kira Marin. Cikin shekarun 1970 samarin wurin suka riƙa tsinto tsofaffin kekuna na zamanin iyayensu, suna gyarawa, suna gangarowa da su daga kan duwatsu. A 1976 suka fara tsere bisa wata hanya mai tsawon kamar mil 2, wadda gangararta ta kai ƙafa 1,300. Birkin kekunan nan a cibiyar ƙafar baya yake, sai an mai da feda baya yake kamawa. Kafin mutum ya sauko birkin ya yi zafi, giris ɗinsa ya ƙone har yana hayaƙi, tilas a buɗe a sake cikawa. Shi ya sa suka sa wa tseren suna Repack, watau sake cikawa. A 1977 ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera nasa keken tun daga gangar jikinsa, ya shiga tseren da shi yana sabo, ya kuwa ci.

Kada ku ce wannan sha'anin maza ne kaɗai. Wata mace, Wende Cragg, tare da ita aka yi ta gangarowar nan, kuma hotunan da ta ɗauka suna cikin manyan shaidun wannan zamani. Wata kuma, Jacquie Phelan, ita ce gwanar matan Amurka shekara uku a jere, daga 1983 zuwa 1985.

To, ga abin da ya sa na kawo maganar. Ranar da yaro ya gama haɗa kekensa, ko yarinya ta gama nata, ɗoki ba ya barinsu su zauna, sai su nufi gangare mafi tsayi. Ke uwa, ranar ce ya kamata ki tsaya tsayin daka. Sabon haɗi yana da ruɗi. Wayar birki sabuwa takan saki bayan 'yar tafiya, birkin da ya kama sosai a tsakar gida ya zama lagwani a kan tudu. Notin da ba a ɗaure da kyau ba, girgizar hanya ce take kwance shi. In birkin mai faifai ne, ba ya kamawa da cikakken ƙarfinsa sai an yi ta gudu ana rage gudu da shi, kamar sau ashirin, a fili.

Gwajin ba wuya, ko ba ki taɓa riƙe sifana ba. Ɗaga keken kaɗan ki sake shi, ki saurara. Duk abin da ya yi ƙara sako-sako yake. Matse ƙafar gaba tsakanin gwiwoyinki ki murɗa ƙahon. In ya juya ya bar tayar, kada kowa ya hau. Sa'an nan kama birkin gaba ki tura keken gaba da baya, ki ji ko wuyansa yana motsi. Af, feda ta hagu kuwa, ɗaurinta a juye yake, hagu ake murɗa ta ta ɗauru, nan ne sababbin hannu suka fi lalata kaya.

Fitar farko ta zama gajera, a hanyar da aka sani, da hular kwano a ka, da famfo da kayan faci. Wajen gangara a mai da nauyin jiki baya, a kama birkin gaba sannu-sannu, don fizgarsa ita ke jefa mutum ta kan ƙaho. Ku 'yan mata, ku sa wando, sarƙa ba ta jin kunyar zane. Bayan an dawo gida a sake bin notuna ɗaya bayan ɗaya, a ja wayar birki, tukuna a yi zancen babban tudu.