Wanda ya ce maka sola ba ta buƙatar kulawa, ƙarya ya yi maka

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareta ya gagari talaka, jama'a suka koma sola. Wani ya sayar da fili, wata ta sayar da sarƙarta. Yanzu kuma sai ƙorafi muke ji: "sola yaudara ce, ko shekara ba a yi ba batir ya mutu." Ni dai ban ga laifin rana ba. Laifin na mai haɗawa ne da ya ce maka "da an ɗora shi ke nan," ya karɓi kuɗinsa ya daina ɗaukar waya, sannan naka ne da ka yarda.

Mu fara da batir, tunda nan kuɗin yake. Batir mai ruwa na 12V 200Ah yana ɗaukar wuta kusan wat 2,400 na awa ɗaya, amma rabi ne naka. In kana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum, kana rage masa kwana ne. To dutsen guga kaɗai yana cin wat 1,000 ko fiye. A jona shi da daddare, ga firij, ga fankoki, sai inbata ta yi ta kuka a kashe ta a sake kunnawa. Wannan kukan gargaɗi ne, ba taurin kai take yi ba. Guga da jan ruwan famfo, a yi su da tsakar rana lokacin da fanel ke ba da wuta.

Sai ruwan batir. Tataccen ruwan da ake sayarwa don batir kaɗai ake zubawa. Ban da fiya wata, ban da ruwan rijiyar burtsatse, domin gishirin da ke cikinsu yana lalata farantan ciki. Asid kuma ba a ƙara shi, ruwa ne ke ƙonewa, asid ɗin yana nan. A duba duk wata, musamman da bazara. Kuma don Allah a daina kulle batir a ɗan sito mai kwano babu taga. A Kano ko Sakkwato zafin Afrilu yana haura 40, shi kuwa batir an yi lissafinsa ne a kan 25, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana cinye rabin rayuwarsa. Ga iskar da yake fitarwa lokacin caji mai kama wuta ce.

Fanel kuwa, yaushe rabon da a hau a duba shi? Ƙurar hunturu ta rufe gilashi, kashin tantabara ya bushe a kai, reshen darbejiya ya yi wa fanel ɗaya inuwa ya ja sauran layin ƙasa. Batir bai cika ba yau, bai cika ba gobe, a hankali ya daskare. Ruwa da tsumma mai laushi ne kawai, da sassafe ko da yamma, ba gilashi yana zafi ba.

Na san masu haɗawa na cikinmu za su ce mai gida ne ke neman araha. Gaskiya ne, ana yi. Amma wa ya sa siririyar waya mai ɗaukar zafi? Wa ya haɗa sabon batir da tsoho alhali ya san tsohon zai ja sabon? Wa ya bar gida babu wayar ƙasa ga damina da tsawa? In kuɗin mutum bai kai ba, ka faɗa masa fitilu da fanka kawai zai samu.

Masu cewa a koma litiyom a huta, e, ba ya shan ruwa kuma ya fi jure zuƙa. Amma in ba a saita cajin inbata daidai da shi ba, ko fanel ya yi kaɗan, nan ma kuɗi ne za su tafi, kuma sun fi yawa. Kafin ka biya cikon kuɗin aiki, mai haɗawa ya rubuta maka a takarda abin da za ka iya jonawa, awa nawa, da ranar da zai dawo dubawa.