Me ya sa 'yan kwana-kwana ke jiƙa gidan da bai kama ba?

Duk mai kallon bidiyon gobara a Facebook ko TikTok ya san wannan surutun. Wuta na cin gidan wani, su kuwa 'yan kwana-kwana sun juya mesa suna fesa wa gidan maƙwabcinsa ruwa. Nan take sai ka ga an fara rubutu: "Ai gidan mai kuɗi suke karewa." Haba jama'a! A nan mu ne ba mu gane aikin ba.

Motar kashe gobara fa ba Gulbin Rima ba ce. Ruwan tankinta cikin 'yan mintoci yake ƙarewa, kuma in ya ƙare sai an koma ɗebo wani. Ɗakin da wuta ta riga ta cinye rufinsa ya tafi, ko tanki goma ka juye masa. Bayan an fitar da mutane, abin da ya rage a ceta shi ne na kusa da shi. Wuta ba sai ta taɓa gini take kama shi ba. Zafinta kaɗai kan fasa gilashin taga ya kunna labule, ko ya kama katakon da ke ƙarƙashin kwano. Ga tartsatsi da iskar hunturu ke ɗauka ta sauke kan zana ko rumfar da ke can gaba. Shi ya sa ma'aikacin da ya san aikinsa yake fara duba inda iska ta dosa, ya tare wutar ta can. Da ma an ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Su da mesa suke shafawa.

Mutanen Birnin Kebbi ba sai an ba mu labari ba. A watan Maris na 2016 gobara ta ci Babbar Kasuwarmu, a kwanakin da ta ci kasuwar Sabon Gari a Kano. Ta Sakkwato ma ta sha a Janairun 2021. Kowa ya san yadda kasuwanninmu suke: shago manne da shago, rumfa ta haɗe da rumfa, hanyar mota an cika ta da tebura. Ko gobarar Landan ta 1666, sai da aka rushe gidaje da albarushi aka bar fili tsakani, iska kuma ta lafa, sannan ta tsaya.

To dubi yadda Gwadangaji ke cika da gine-gine, katanga na jingina da katanga, ga janareto a zaure, ga tukunyar gas a kicin, ga 'yan bumburutu da jarkokinsu a bakin titi.

Mu matasa mu ne muke fara isa wurin, tun kafin mota ta zo. Wayar da ke hannunka, fara kiran 'yan kwana-kwana da ita kafin ka kunna kyamara. A kashe wutar lantarkin gidajen kusa, a janye babura da jarkokin fetur da tukwanen gas, a kayar da zanar da ke tsakani, a rufe tagogin maƙwabta, a jiƙa ɓangaren da iska ta nufa. Wutar fetur kuwa yashi ake zuba mata, ruwa yaɗa ta yake yi. Sannan don Allah a buɗe lungu. Mota ba za ta tashi sama ta tsallake 'yan kallo da baburansu ba, kuma kowane mintin da direba ya ɓata yana hon, wutar na ƙara matsowa gida na gaba.