Ƙaryar Da Aka Yi Da Sunan Nijar Aka Rusa Iraƙi

Ran nan da daddare a teburin mai shayi a Dagumawa, gardama ta ɓarke tsakanin samari a kan ko Amurka za ta iya kawo mana zaman lafiya da jiragen yaƙinta. Wasu na cewa a bar su su zo su gama da 'yan bindiga kowa ya huta, wasu na cewa Allah Ya kiyaye. Abin da ya dame ni shi ne, duk cikinmu ba wanda ya tuna cewa an taɓa amfani da sunan maƙwabciyarmu Nijar wajen kunna wutar yaƙin da har yau tokarsa ke faɗo mana a ka.

Ga yadda aka yi. A shekarar 1997 wasu 'yan boko da 'yan siyasa a Washington, ƙarƙashin William Kristol da Robert Kagan, suka kafa wata cibiya da ake kira PNAC. Su ne ake wa laƙabi da sababbin 'yan mazan jiya. Aƙidarsu a taƙaice: Amurka ce ta fi kowa ƙarfi, don haka ta yi amfani da sojanta ta gyara duniya yadda take so, ta kai hari tun kafin a kai mata, ko Majalisar Ɗinkin Duniya ta yarda ko ba ta yarda ba. A watan Janairun 1998 suka aika wa Shugaba Clinton wasiƙa suna neman a kawar da Saddam Hussein. Cikin masu sa hannu akwai Donald Rumsfeld da Paul Wolfowitz, waɗanda daga baya suka zama ministan tsaro da mataimakinsa a gwamnatin George W. Bush. Ka ga ke nan an yanke hukunci tun shekara uku kafin harin 11 ga Satumban 2001. Hujja kawai ake nema.

A nan ne Nijar ta shigo labarin. Aka fito da wasu takardu da ke nuna wai gwamnatin Yamai ta amince ta sayar wa Iraƙi tan 500 na yuraniyom. A watan Fabrairun 2002 hukumar CIA ta tura tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai ya bincika. Ya gana da jami'ai, ya duba yadda ake tafiyar da ma'adinan Arlit da ke hannun wani gungun kamfanoni ƙarƙashin Faransawa, ya koma ya ce da wuya a ce an yi wannan ciniki. Duk da haka, ranar 28 ga Janairun 2003, Bush ya tsaya gaban majalisar dokokinsu ya ce Birtaniya ta gano Saddam yana neman yuraniyom daga Afirka.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar 7 ga Maris, Mohamed ElBaradei, shugaban hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Jabun ma ba na gwanaye ba: wata wasiƙa mai kwanan watan shekarar 2000 tana ɗauke da sa hannun ministan harkokin wajen Nijar da ya bar kujerar tun 1989. Kwana 13 bayan wannan bayani, bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza. Makaman ƙare dangin da aka yi ta kururuwa a kansu, ba a same su ba.

Shirin yaƙin shi ma an gina shi ne a kan son rai. Da babban hafsan sojan ƙasa, Janar Eric Shinseki, ya ce riƙe Iraƙi zai buƙaci dubban ɗaruruwan sojoji, Wolfowitz ya yi fatali da maganarsa. A watan Mayun 2003 aka rusa rundunar sojan Iraƙi, aka bar ƙwararrun mayaƙa a titi ba albashi. Fararen hula fiye da dubu 100 suka mutu. Daga cikin wannan hargitsi ƙungiyar IS ta tsiro, kuma a watan Maris na 2015 Abubakar Shekau ya yi mata mubaya'a. Daga nan ISWAP ta samo asali, wadda ke addabar yankin Tafkin Chadi. Mukan ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. To wannan dai ta yi 'ya'ya, kuma 'yan'uwanmu na Borno da Yobe suna cikin waɗanda aka ɗura wa ɗacinsu.

A matsayina na ɗalibin aikin jarida, abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rawar da manyan jaridu suka taka. Sun kwashi maganar jami'ai sun buga ba tankaɗe ba rairaya. Sai a watan Mayun 2004 jaridar New York Times ta fito ta amsa cewa ba ta yi bin diddigin da ya kamata ba. Amma fa a lokacin an riga an binne waɗanda aka binne.

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, 'yan mazan jiyan ma tauraruwarsu ta dusashe, kuma Donald Trump da kansa ya sha sukar yaƙin Iraƙi. Gaskiya ne. Sai dai mutanen sun ja baya, salon bai mutu ba: a liƙa wa ƙasa suna, a maimaita har ya zauna a kunne, sannan a fara zancen jirage. A watan Nuwamban 2025 Trump ɗin ne ya yi barazanar ɗaukar matakin soja a Najeriya. Ba muna musun cewa ana zubar da jini a ƙasar nan ba ne. Ana kashe Musulmi, ana kashe Kirista, kuma gazawar shugabanninmu ce ta buɗe wa baƙi ƙofar yi mana magana haka. Amma wanda gidansa ke cin wuta ya kamata ya duba abin da maƙwabci ya ɗauko a bokiti, ruwa ne ko fetur.

Don haka kiranmu ga matasa shi ne, duk labarin da zai kai ga harba makami, ko daga Washington ya fito, ko daga Mosko, ko daga Facebook da WhatsApp, a tambaya: wa ya faɗa, ina hujjarsa, wa zai ci riba? Ga 'yan majalisarmu kuma, duk wata yarjejeniyar tsaro da wata ƙasa a kawo ta fili a karanta, jama'a su ji. Da a ce a 2002 wani ya ɗauki minti goma ya duba jerin ministocin Nijar, kuma aka saurare shi, da wataƙila an rage makoki a Bagadaza da Baga.