Sunan Dabba Jagoran Makiyayi: Zaɓen Irin Tumaki, Awaki da Aladu a Ƙaramar Gona

Ƙaramin manomi da ya tara ɗan jari don fara kiwo yakan shiga kara idonsa na kan dabba mafi girman jiki. A nan kuskure ke farawa, domin abin da ya kamata ya fara aunawa shi ne yanayin ƙasarsa, da abincin da zai iya samarwa har ƙarshen rani, da kasuwar da zai kai. Sunayen da Hausawa suka laƙaba wa dabbobin sun riga sun ƙunshi wannan darasi.

A ɗauki tumaki. Balami, fari mai dogayen kunnuwa da ƙoƙiƙƙen hanci, shi ne mafi girma, kuma tushensa busasshiyar ƙasar Borno. Yana tsada lokacin layya, amma cinsa daidai yake da jikinsa. Wanda ba shi da rumbun harawa da dusa zai ga jarinsa na ramewa a turke. Uda, mai gaba baƙi ko ja da baya fari, sunanta na nuni ga Fulani Udawa masu dogon kiwo, saboda haka ta fi dacewa da mai fili da sarari. 'Yanƙasa kuwa, farare masu ɗigon baƙi a ido da kunne da baki, su suka fi yawa a Nijeriya, kuma sunan ya faɗi dalili: 'ya'yan ƙasar ne, sun saba da ciyawarta da cututtukanta. Su ne mafarin da ya fi aminci ga mai ƙaramin ƙarfi.

Haka lamarin yake ga awaki. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira ta Maraɗi, tana yawan haifar tagwaye bayan cikin wata biyar. Fatarta ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Duk da haka, a yau ana ganin masu ɗokin sayen bunsurun Boer na Afirka ta Kudu da kuɗin da zai sayi awakin gida da dama, ba tare da tanadin abinci da magani ba. A kudu mai dausayi kuma, inda ƙudan tsando ke yaɗa sammore, gajerun awaki da tumakin kurmi ne ke jurewa.

Batun alade ya danganta da addini da al'ummar wuri. Musulmi ba ya kiwonsa, amma a kudancin Kaduna, inda kasuwar Katsit kusa da Kafanchan ta shahara da cinikinsa, Hausa ce harshen ciniki. Farin alade na Turai yana saurin girma, sai dai yana buƙatar inuwa da ruwa da abincin saye, ga kuma zazzaɓin aladu na Afirka da kan share garke cikin kwanaki. Na gida ya fi haƙuri da ƙarancin abinci, ko da yake bai kai na Turai nama ba.

Abin takaici shi ne, binciken da cibiyoyi irin su ta nazarin dabbobi da ke Shika, Zariya, ke yi ya fi fitowa da Ingilishi, alhali mai turke da Hausa yake tunani. Nauyi ne a kan sassan nazarin Hausa su tattara kalmomin kiwo daga bakin makiyaya da dillalai da matan gida, su daidaita su da sakamakon kimiyya, tun kafin tsofaffin da suka san bambancin su ƙare.